Rigar Kariya da Ranar Tuɓe Ta: Amsoshi kan Gurfanar da Shugaban Ƙasa

Wasiƙun da suka taru mana a filin Tambaya Rabin Ilimi na wannan wata yawancinsu daga Sakkwato da kewayenta suka fito, kuma kusan duk magana ɗaya suke kewayawa: idan da sanin shugaban ƙasa aka kashe farar hula ko aka azabtar da fursuna, wa zai tsayar da shi gaban alƙali? Mun haɗa masu kama da juna, lauyoyin filin suka amsa biyar.

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Muna jin ana cewa shugaban ƙasa yana da rigar kariya. To wannan riga ta rufe har da laifukan yaƙi da azabtar da mutane? (Wani malamin firamare, Mabera)

Amsa: Malam, ya danganta da kotun da za a kai shi. Ƙarfin rigar daban ne a gaban kotun ƙasarsa, daban a gaban kotun wata ƙasa, daban kuma a gaban kotun duniya.

A nan gida, sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a shigar da ƙara, ta laifi ko ta neman haƙƙi, a kan shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamna da mataimakinsa muddin suna kan kujera. Ba a kama su, ba a tsare su, ba a aika musu sammaci, kuma sashen bai ware ko da laifin kisa ba. Sai dai akwai abu biyu da mutane ke mantawa. Rigar ta kujera ce. Ranar da ya miƙa mulki ranar za ta faɗi daga kafaɗarsa, shekarun da ya yi a ofis kuma ba a lissafa su cikin wa'adin shigar da ƙara. Sannan a 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta hana bincike ba. Ana iya ɗaukar bayanan shaidu, a tara takardu, a ajiye fayil yana jiran ranarsa. Mai son a gurfanar da shugaba kafin wa'adinsa ya ƙare sai ya bi ta tsigewa a sashe na 143: kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su yarda a bincika, Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum bakwai su kawo rahoto cikin wata uku, sannan a sake samun kashi biyu cikin uku a majalisun biyu. Hanya ce mai tsawo, kuma ba a taɓa tsige shugaban Najeriya ta cikinta ba.

A gaban kotun wata ƙasa, shugaban da ke kan mulki ba ya taɓuwa. Kotun da ke shari'a tsakanin ƙasashe ta tabbatar da haka ranar 14 ga Fabrairu 2002, lokacin da Kongo ta kai ƙarar Beljiyam saboda sammacin kama ministanta na harkokin waje. Amma tsohon shugaba labarinsa daban. An kama Augusto Pinochet na Chile a Landan ranar 16 ga Oktoba 1998 bisa sammacin wani alƙalin Sifen, kuma a Maris 1999 kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce azabtarwa ba ta cikin ayyukan ofis da kariya ke rufewa bayan an sauka. A ƙarshe an sallame shi a 2000 bisa dalilin rashin lafiya, ya mutu a 2006 ba a yanke masa hukunci ba, amma ƙofar da aka buɗe a kansa ba ta sake rufuwa ba.

A kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague kuwa, sashe na 27 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ya ce muƙami ba ya kare kowa, ko yana kan kujera ko ya sauka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a Satumba 2001, kotun ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2002, kuma duk abin da ya faru kafin wannan rana ba ta da hurumi a kansa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shugaba ai ba ya riƙe bindiga, ba ya shiga ɗakin azaba. Ta yaya ake ɗora masa laifin da wani kofur ya aikata a wani gari mai nisa? (Wata ɗalibar shari'a, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo)

Amsa: Ɗiyata, kin taɓo inda yawancin waɗannan shari'u ke karyewa. Tabbatar da cewa an yi kisa ko azaba ba shi ne mai wuya ba, ga kaburbura, ga masu tabo a jiki. Mai wuya shi ne ƙulla igiya daga ɗakin azabar har zuwa teburin shugaba.

Hanyoyin biyu ne. Ko a nuna da hannunsa a ciki: ya ba da umarni, ya tsara, ko ya taimaka da makamai da kuɗi yana sane da abin da za a yi da su. Da wannan aka kama Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, kan yaƙin Saliyo. Kotun musamman ta Saliyo ta same shi da laifuka 11 a Afrilu 2012 bisa taimakawa da tsarawa, ta ɗaure shi shekara 50. Ko kuma a bi ta alhakin shugabanci, sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma, inda dole mai gabatar da ƙara ya kafa abu uku: cewa wanda ake tuhuma yana da ikon hana waɗannan mutane ko hukunta su a zahiri, ba a takarda kawai ba, cewa ya sani, cewa bai hana ba, bai hukunta ba, bai miƙa maganar ga masu bincike ba. Ki lura da wani bambanci a wajen sanin. Kwamandan soja ya isa a nuna cewa ya kamata ya sani. Shugaban farar hula kuwa sai an nuna ya sani, ko da gangan ya kau da kai daga bayanin da ya fito fili. Saboda haka wasiƙar koke da aka kai fadar shugaba aka buga mata hatimin karɓa tana da nauyin da bai kamata a raina ba.

Mu duba Hissene Habre, maƙwabcinmu na Chadi, da ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990. 'Yan sandan cikinsa, da ake kira DDS, sun mai da wani tsohon wurin ninkaya a N'Djamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Suna da wani ɗauri da suke kira arbatashar, a haɗa hannuwa da ƙafafu a ɗaure ta baya har jini ya daina gudu, wasu su shanye. Wani akawu mai suna Souleymane Guengueng da ya fito daga tsare da ransa ya bi waɗanda suka tsira da iyalan matattu ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa fayil 792, kowanne da suna da hoto da bayani, ya ɓoye su shekaru. A 2001 masu bincike na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedkwatar DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura: jerin fursunoni, rahoton tambayoyi, takardun shaidar mutuwa. Da aka tantance su, aka sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka azabtar ko aka ci zarafinsu. Abin da ya fi kashe wa Habre baki shi ne saƙonni 1,265 da hukumar ta aika masa kai tsaye kan halin fursunoni 898. Bayan wannan, "ban sani ba" ba ta da wurin tsayawa.

Duk da haka sai da aka sha doguwar tafiya. An kai ƙara Dakar a 2000, kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Aka koma Beljiyam, ta fitar da sammaci a 2005. A Yuli 2012 kotun tsakanin ƙasashe ta ce wa Senegal ko ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi, kamar yadda Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ta wajabta. Sannan Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa kotu ta musamman, shaidu 93 suka yi magana, ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Kusan shekara 26 ke nan bayan faɗuwarsa.

Ki kwatanta da Laurent Gbagbo, tsohon shugaban Kodebuwa. An kashe mutane kimanin 3,000 a rikicin bayan zaɓen 2010, an kai shi Hague a 2011, masu gabatar da ƙara sun kira shaidu 82, amma a Janairu 2019 alƙalai suka sallame shi tun kafin ya fara kare kansa, domin ba a kafa hujjar cewa akwai shiri daga sama na far wa farar hula ba. Gawawwaki sun tabbata, igiyar ce ba ta kai ba. A ra'ayinmu duk ɗalibin da ke son wannan fanni ya karanta waɗannan shari'u biyu a jere kafin komai.

Tambaya: Mi ya hana a kama al-Bashir sa'ad da ya zo Abuja? Kuma mi ya sa kullum 'yan Afirka ake kai wa kotun nan, manyan ƙasashe ba a taɓa su? (Wani ɗan kasuwa, Illela)

Amsa: Alhaji, kotun Hague ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ta fitar da sammaci, ta jira ƙasashe su kama mata, kuma ba ta yin shari'a a bayan idon wanda ake tuhuma. An fitar da sammacin Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a Maris 2009 kan laifukan Darfur, aka ƙara na kisan ƙare dangi a Yuli 2010. A 2009 ɗin Tarayyar Afirka ta yanke cewa ƙasashenta ba za su taimaka a kama shi ba. Da ya zo Abuja taron Tarayyar a Yuli 2013, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, shi kuwa ya bar ƙasar tun taron bai ƙare ba. A Afirka ta Kudu a Yuni 2015 har kotu ta hana shi fita, jirginsa ya tashi daga sansanin soja. A Mayu 2019 sashen ɗaukaka ƙara na kotun Hague ya ce Jodan ta saɓa alkawari da ta ƙi kama shi, to amma hukunci kan ƙasar da ta ƙi kamawa bai wuce a kai ƙararta gaban sauran ƙasashe ba. Haka Putin ya je Mongoliya a Satumba 2024 da sammaci a kansa ya koma gida, haka Netanyahu ya je Hangari a Afrilu 2025.

Idan ka duba waɗanda aka kama, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: mulki ya riga ya kuɓuce musu, wanda ke ba su mafaka kuma ya janye hannu. Taylor yana zaune a Kalaba tun Agusta 2003, sai da sabuwar gwamnatin Laberiya ta nemi a miƙa shi, ya gudu, aka tare shi a Gamborun Ngala ranar 29 ga Maris 2006 yana shirin tsallakawa Kamaru. Rodrigo Duterte na Filipin gwamnatin ƙasarsa ce ta kama shi a Maris 2025, kusan shekara uku bayan saukarsa.

Ƙorafinka na biyu yana da gaskiya, ba za mu rufe ta ba. Ta hanya uku magana ke shiga kotun: ƙasa mamba ta kai, ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tura, ko mai gabatar da ƙara ya buɗe da kansa da izinin alƙalai. Uganda da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Mali su suka kai kansu. Amma Amurka da Rasha da Sin ba mambobi ba ne, ga shi suna da kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, wato suna iya tura wasu, ba a iya tura su. A Mayu 2014 Rasha da Sin suka hana a tura maganar Siriya. Majalisar Dattawan Amurka da kanta ta fitar da rahoto a Disamba 2014 kan yadda hukumar leƙen asirin ƙasar ta tsare mutum 119 ta gallaza wa aƙalla 39, amma ba a gurfanar da wani babba ba. A kan abin da ya faru a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi ma ƙananan sojoji aka ɗaure. Da kotun ta buɗe binciken Afghanistan a 2020, Amurka ta ƙaƙaba wa mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda, takunkumi. Wannan rashin adalci ne a fili. Sai dai maganinsa a faɗaɗa hukunci ya kai ga manya. Matar Darfur da aka ƙone wa gida ba ta rage komai daga haƙƙinta don an ƙyale wani a Washington ba.

Tambaya: An kama ƙanena bisa zargin infoma ne na 'yan bindiga, aka sako shi bayan wata biyu ba tare da an kai shi kotu ba. Hannuwansa ko moɗa ba sa ɗauka saboda ɗauri. Wasu sun ce mu rubuta wa kotun duniya. Ina za mu fara? (Wata uwa, gabashin Sakkwato)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya bi masa haƙƙinsa. Kada ku fara da Hague. Kowa na iya aika mata bayani ta intanet, amma kotun ba ta shiga sai ƙasa ta ƙi ko ta kasa yin shari'a da gaske, kuma laifin mutum ɗaya ba ya kai ta sai ya kasance cikin yaƙi ko cikin farmaki mai faɗi da aka tsara kan farar hula. Ko binciken farko da ta yi kan Najeriya, wanda ya shafi Boko Haram da jami'an tsaro, shekara goma ya ɗauka kafin a kammala shi a Disamba 2020. Dokar gida ta fi kusa da ku, kuma azaba sau ɗaya ta ishe ta.

Ku fara da likita, yau kafin gobe, a asibitin gwamnati. Shatin igiya da kumburi kan baje cikin mako biyu zuwa uku, lahanin jijiya kuwa yakan daɗe kuma ana iya gwada shi. Ku roƙi likita ya rubuta bayanin mara lafiya da kalmominsa, ya auna kowane tabo ya faɗi inda yake, sannan ya rubuta ra'ayinsa ko raunin ya dace da abin da aka faɗa masa. Rahoton da ya tsaya a "ciwon hannu" ba ya amfani a kotu. Ku ɗauki hoton kowane rauni sau biyu, ɗaya daga nesa fuskarsa ta fito, ɗaya daga kusa da rula a gefe. Ku bar hotunan a wayar da ta ɗauke su; hoton da aka tura ta WhatsApp yakan zubar da bayanan rana da na'urar da ke cikinsa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma yana son a bayyana na'urar da ta samar da shi.

Sannan a zauna da shi shi kaɗai, a rubuta ranar kamu da wurin, irin kaki da lambar mota idan an gani, ɗakunan da aka ajiye shi, wa ya yi tambaya, wa ya yi ɗauri, wane babba ne ya shigo ya gani, su wa aka tsare tare da shi. Abin da bai tuna ba a bar shi babu. Ƙari ɗaya da lauyan gwamnati zai kama ya isa ya zubar da sauran. Kada a tara shaidu wuri ɗaya su daidaita baki, domin alƙali na gane bayanin da aka haddace. A yi kwafi uku a ajiye gida daban-daban.

Da waɗannan lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya a Sakkwato, ƙarƙashin sashe na 34 da ya hana azabtarwa da na 35 da ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan babu kotu cikin kilomita 40. Ƙa'idojin 2009 sun yarda ɗan'uwa ya shigar a madadinsa, da takardar rantsuwa ake yin shari'ar, kuma daɗewa ba ta kashe irin wannan ƙara. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ya kuma kai koke a rubuce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a buga masa hatimi a kwafinsa. Ta fuskar laifi, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 25, ta ce "umarni aka ba ni" ba hujja ba ce, ta kuma ɗora alhaki kan kwamandan da sakacinsa ya jawo abin. Inda ake samun cikas shi ne gwamnati ce ke gurfanarwa, sannan ko an ci diyya, taɓa kuɗin hukuma yana neman amincewar Antoni Janar. Akwai kuma kotun ECOWAS a Abuja, da ke karɓar ƙarar mutum a kan gwamnati ba tare da sai ya gama da kotunan gida ba. Tana ba da diyya, ba ta ɗaure kowa.

Ko ƙararku ba ta kai sama ba, fayil ɗin kada ya ɓata. Idan irinsa ɗari suka fito daga wuri ɗaya da salon ɗauri ɗaya, magana ta tashi daga laifin kofur ta koma tsari, kuma daga nan ake fara tambayar wa ya sani.

Tambaya: Idan an same su da laifi, ana rataye su? Waɗanda aka zalunta kuma suna samun diyya? (Wani dattijo, Gwadabawa)

Amsa: Baba, kotun Hague ba ta yanke hukuncin kisa. Iyakarta shekara 30, ko rai da rai idan laifin ya yi muni ƙwarai, kuma a kurkukun wata ƙasa da ta yarda ake zaman. Taylor a Ingila yake nasa. Afuwa ma takan shigo daga baya idan a gida aka yi shari'ar: kotun Gini ta ɗaure tsohon shugaban mulkin sojan ƙasar, Moussa Dadis Camara, shekara 20 a Yuli 2024 kan kisan filin wasa na Konakiri na 28 ga Satumba 2009, a Maris 2025 aka yi masa afuwa. Diyya kuwa nan ne aka fi barin mutane a baya. A Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara a Dakar ta yanke wa mutum 7,396 da Habre ya zalunta diyyar sefa biliyan 82, aka ce Tarayyar Afirka ta kafa asusun da zai tara kuɗin. Har Habre ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021 asusun bai biya kowa ba, da yawa daga cikin masu jiran kuma sun riga shi rasuwa.